Bayani Kan Ba Da Kiwon Rumbun Bayanai A Girgijen Intanet

Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa cike rahoton ƙarshen wata a asibitin ƙauye, ya miƙa shi ga jami'in tattara alƙaluma na ƙaramar hukuma, to ya yi hulɗa da abin da ake kira rumbun bayanai, ko da bai sani ba. Alƙaluman rigakafi da awon ciki da haihuwa ana shigar da su ne cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ginawa, ita kuma tana tara su a cikin wani rumbu mai suna PostgreSQL. Rumbun bayanai manhaja ce da ke jera bayanai layi-layi kamar babban littafin rajista, sai dai tana iya zaƙulo suna guda daga cikin miliyoyi nan take, kuma ma'aikata da yawa kan yi rubutu a cikinta lokaci ɗaya ba tare da wani ya goge na wani ba.

Ana kiran PostgreSQL manhaja mai buɗaɗɗen tushe, domin rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na da izinin ya ɗauka, ya duba, ya gyara, ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Ta samo asali ne daga aikin da Farfesa Michael Stonebraker ya fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, ta kuma sami sunanta na yanzu a 1996. Takwararta MySQL ta fito daga ƙasar Suwidin a 1995. Kamfanin Sun ya saye ta a 2008, sannan Oracle ya saye Sun a 2010. Fargabar wannan ciniki ce ta sa ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta, Michael Widenius, ya ɗauki tushen ya kafa MariaDB tun a 2009.

To amma manhajar ce kyauta, kula da ita ba kyauta ba ne. Kwamfutar da ke ɗauke da rumbu na bukatar wutar da ba ta yankewa, da ɗaki mai sanyi, da kariya daga ƙurar hunturu, da ƙwararren da zai riƙa kwafe bayanan yana toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. PostgreSQL kan fitar da sabon zubi kowace shekara, kuma shekara 5 ake kula da kowane zubi, daga nan sai a daina yi masa gyara. Sau da yawa a ofisoshi mutum ɗaya ne ya san kan wannan aiki, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki sai ya tafi da kalmar sirri a kansa.

Wannan ne ya kawo tsarin da za a iya kwatantawa da ba da kiwo. Mai shanu kan danƙa su ga makiyayi ya kai su ciyawa da mashaya, amma shanun nasa ne. Haka ma'aikata kan yi hayar rumbu a cikin manyan kwamfutocin wani kamfani, waɗanda ake isa gare su ta intanet, abin da ake wa laƙabi da girgije. Kamfanin Amazon ya fara irin wannan hidima da MySQL a 2009, ya ƙara PostgreSQL a 2013. Google ya fara tasa a 2011, Microsoft ma ya bi sahu. Kamfanin ne ke sauya na'urar da ta lalace, ya sabunta manhaja, ya riƙa ajiye kwafi kullum. A tsarin Amazon ana iya riƙe irin wannan kwafi har kwana 35, a mayar da rumbu yadda yake a wani lokaci da ya wuce idan wani ya goge bayanai bisa kuskure. Idan an biya ƙarin kuɗi, akan ajiye tagwayen rumbun a wani gini dabam, ya karɓi aiki da zarar na farko ya tsaya.

Ya kamata jami'ai su lura cewa makiyayi ba ya hana mai shanu yin sakaci. Wanda aka ba izinin shiga, da wanda ya kamata a cire bayan ya yi ritaya, da sahihancin sunayen da aka shigar, duk suna wuyan ma'aikatar. Idan an cusa sunayen bogi cikin jerin manoman da za su karɓi taki, kamfanin zai adana su da kyau kamar na gaskiya.

Har ila yau akwai batun kuɗi. Da dala ake ƙididdige farashin manyan kamfanonin nan, ko da da naira aka biya, kuma kowane wata ake biya. Dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma kafin watan Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, don haka kasafin da aka yi da tsohon farashi bai kai ko'ina ba. Hayar da aka daina biya kuwa ana iya rufe ta da bayanan a ciki.

Girgijen ma gini ne a ƙasa. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa na Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024, kuma ta wayoyin ƙarƙashin teku ake kai wa gare su daga Najeriya. A ranar 14 ga Maris 2024 wasu daga cikin wayoyin suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna ta tsaya wa jama'a da dama. A watan Maris na 2021 kuma gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda kwafinsu ke cikin harabar da ta ƙone suka yi asarar bayanansu. Ta fuskar doka, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, kuma tun 2013 ƙa'idojin hukumar NITDA suka nemi a ajiye bayanan gwamnati a cikin gida. Kamfanin Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya na da cibiyoyin ajiya a Abuja da Kano, don haka wajibi ne a tambayi ɗan kwangila takamaimai garin da rumbun zai zauna.

Babban amfanin buɗaɗɗen tushe a nan shi ne damar karɓe kiwo. Tun da manhajar ba mallakar kamfanin da ake haya a wurinsa ba ce, ana iya kwashe rumbun PostgreSQL a kai shi wani kamfani ko a dawo da shi ofis. Sai dai wasu kamfanoni kan ƙara wa manhajar abubuwan da a wurinsu kaɗai suke aiki, wanda ya saba da su kuwa fita kan yi masa wuya, ga kuma kuɗin da akan caza kan fitar da bayanai. Saboda haka a tabbata asusun hayar yana da sunan ma'aikata, ba na ɗan kwangila ba, jami'ai biyu aƙalla su riƙe izinin shiga, a kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa za a riƙa ba ma'aikatar cikakken kwafi, tana gwada buɗe shi a wata kwamfuta dabam kafin ta sa hannu a takardar biyan kuɗi.