Idan Sinadarin Tayirod Ya Faɗi, Alhali Tayirod Lafiya Lau Yake

Mutanen ƙasar Filato sun daɗe da sanin maƙoƙo, domin ƙasar tuddai irin tasu, wadda birnin Jos ke zaune a kanta kimanin mita 1,200 sama da teku, ruwan sama kan wanke sinadarin ayodin daga cikinta, har abin da aka noma a wurin ya taso da ƙarancinsa, wuyan mutane kuwa ya kumbura. Tun daga shekarar 1993 da hukuma ta wajabta sanya ayodin a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya, maƙoƙo ya ragu ƙwarai, amma tsoronsa bai bar zukata ba; saboda haka da zarar an ce wa iyalin majinyaci gwajin tayirod ɗinsa ya fito ba daidai ba, sai hankalinsu ya koma ga wuya, alhali sau da dama musabbabin yana can wani sashe na jiki.

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban maƙogwaro, wadda Allah cikin hikimarSa Ya ɗora wa aikin daidaita yadda jiki ke ƙona abinci ya mai da shi ƙarfi da ɗumi. Mafi yawan abin da take fitarwa sinadari ne da likitoci ke kira T4, wanda ba shi da kuzari sosai sai an juya shi ya zama T3, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na T3 ɗin da ke yawo a jini a wajen tayirod ake yin sa, musamman a hanta da ƙoda. Can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa kuma akwai wata tsokar da ke aiko da sinadarin TSH, wanda ke umartar tayirod ya ƙara aiki ko ya sassauta. To, idan cuta mai tsanani ta kama mutum, sai hanta ta rage juya T4 zuwa T3, T3 ya faɗi, wani nau'insa marar amfani ya yawaita, idan jinya ta yi nisa T4 da TSH su ma su bi baya, duk da cewa shi tayirod ɗin babu abin da ya same shi. Likita Inder Chopra da abokan aikinsa a Amurka sun bayyana wannan sauyi a 1975, sa'an nan Wartofsky da Burman suka tattara bayaninsa a wata maƙala da ta shahara a 1982.

Babban abin da ke jefa mutum cikin wannan hali shi ne tsananin cutar da yake fama da ita, kowace iri ce. Gwargwadon nauyinta da daɗewarta, gwargwadon faɗuwar sinadarin. Na gaba-gaba cikin sabubba su ne cututtukan da ƙwayoyinsu ke mamaye jini, da ciwon huhu mai tsanani, da tarin fuka, da cuta mai karya garkuwar jiki idan ta yi nisa ba a sha magani ba, domin a irin wannan yaƙi jiki kan saki wasu sinadaran kumburi da ke danne aikin juyin da muka ambata. Waɗannan kuwa su ne ke cika gadaje a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da asibitin Jankwano, kamar yadda suke cika su a Kano da Zariya.

Na biyu shi ne yunwa. Jikin da ya kwana biyu bai sami abinci ba yakan fara tsimi, ya rage T3 don kada ya cinye naman kansa da sauri, shi ya sa ake ganin wannan hali ga yara masu tamowa, da tsofaffin da jinya ta ɗauke musu sha'awar abinci, da waɗanda rikici ya raba da gonakinsu. Wajibi ne a bambance wannan da azumin Ramadan na mai lafiya, wanda ke sahur ya yi buɗa-baki, domin abin da ake nufi shi ne rashin abinci mai ɗorewa.

Na uku su ne cututtukan gaɓoɓin ciki: hantar da ta ƙeƙashe, da ƙodar da ta gaza har ana wankin jini, da ciwon sukarin da ya tashi ya kai mutum ga suma, da gazawar zuciya, har da irin wadda ke kama mata bayan haihuwa, wadda likitocin Zariya suka yi bincike mai zurfi a kanta a shekarun 1970. Sai kuma babban aikin tiyata, da ƙunar wuta mai faɗi, da munanan raunukan haɗarin mota. Tsofaffi da jariran bakwaini sun fi kowa saurin faɗawa. Akwai kuma magunguna, kamar dofamin da ake ɗura wa wanda jininsa ya faɗi, da amiyodaron na bugun zuciya, da dekzametason da danginsa, wanda wasu ke saye a kemis ba da izinin likita ba don neman ƙiba.

A ɗauki misalin dattijo daga Bukuru, wanda ya yi watanni yana tari yana ramewa, aka yi ta jiƙe-jiƙe a gida, ba a kawo shi asibiti ba sai da ya kasa tashi, cikin sanyin hunturu. Yana kwance an lulluɓe shi da bargo biyu, muryarsa ta dushe, fatarsa ta bushe, ga kasala. Alamomin nan kuwa sun yi kama da na mai raunin tayirod. Aka ɗebi jini, takarda ta fito da T3 a ƙasa, TSH kuma daidai ko ƙasa kaɗan, sai babban ɗansa ya tsare likita a bakin ɗaki yana roƙon a rubuta wa Baba maganin tayirod ko nawa ne. Likitan da ya san aikinsa zai zaunar da shi ya fahimtar da shi cewa da tayirod ne ya gaza, da TSH ya hau sama ƙwarai, kuma abin da Baba ke bukata shi ne maganin tarin fuka na wata 6 ba fashi, da abinci mai gina jiki. Ba shi ƙwayar tayirod a wannan hali barin jaki ne a doki taiki.

Malaman likitanci sun yi saɓani a kan ko wannan faɗuwa kariya ce da jiki ke yi wa kansa, ko kuwa idan jinya ta tsawaita takan rikiɗe ta zama illa. Amma gwajin da Brent da Hershman suka wallafa a 1986, inda aka ba wasu masu jinya mai tsanani sinadarin T4, bai nuna wata fa'ida ba, kuma ra'ayi mafi rinjaye har yau shi ne kada a bayar, balle ga mai raunin zuciya wanda ƙwayar ke iya hargitsa masa bugu. Abin da aka yi ittifaƙi a kai shi ne faɗuwar T4 sosai alama ce ta cewa cutar ta yi nauyi, tana neman a ƙara himma a kanta.

Saboda haka likitoci ba su cika son auna tayirod a tsakiyar jinya mai zafi ba, sai in akwai hujja mai ƙarfi, kamar maƙoƙo a bayyane, ko tarihin aikin wuya, ko bugun zuciya da ya rikice ba a san dalili ba. Idan an riga an auna, ƙa'ida ita ce a maimaita bayan kimanin mako 6 da samun sauƙi, domin a lokacin farfaɗowa TSH kan ɗan haura na wani lokaci kafin ya daidaita. Abin da ke hannun iyali kuwa shi ne su kai mai tari ko zazzaɓi asibiti tun cutar ba ta ci ƙarfinsa ba, su kula da cimarsa, su faɗa wa likita duk wani magani da yake sha ba tare da ɓoye ko ɗaya ba, sa'an nan su adana takardar gwajin farko su koma da ita ranar da aka sa musu.