Taurarin Samaniyar Daura: Daga Lissafin Manzilai Zuwa Ilmin Falaki na Zamani

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi bayanin abubuwa uku waɗanda su ne ginshiƙan ilmin falaki, watau tauraro, da siffar taurari, da majarra, mu kuma ɗora bayanin a kan samaniyar da mutumin ƙasar Daura yake gani in ya fito tsakar gida da dare. Abin da ya jawo hankalinmu shi ne, ilmin taurari iri biyu ne a ƙasar nan, kuma ba su cika haɗuwa ba. Akwai wanda ɗalibi yake haddacewa daga littattafan da aka zana taswirorinsu domin samaniyar Turai. Akwai kuma wanda yake a bakin dattawan manoma da malaman zaure, wanda yake raguwa duk sa'ad da aka rasa ɗaya daga cikinsu. Mu a ganinmu, malamin da zai koyar da wannan fanni a Daura, ko Zango, ko Ɓaure, ko Mai'aduwa, ko Sandamu, lalle ne ya fara da na biyun, domin shi ne ƙofar shiga na farkon.

Ya kamata mu bambance tun daga nan cewa zancenmu a kan falaki ne, watau lura da tafiyar abubuwan da ke sama da auna su. Duba da taurari, da neman sa'a ko nahisa a wurinsu, wani abu ne dabam.

2.0 Inda Daura Take a Ƙarƙashin Sama

Birnin Daura yana kimanin digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Wannan lamba ita ce take hukunta abin da za a gani da wanda ba za a gani ba. Tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa, yana tsaye ne digiri 13 bisa inda sama ta haɗu da ƙasa. In mutum ya miƙa hannu ya dunƙule shi, faɗin dunƙulen ya kai kimanin digiri 10, ashe ke nan tauraron bai wuce dunƙule ɗaya da 'yan kai ba. Wanda ya gane shi ya gane alƙibla, domin daga Daura tana kimanin digiri 70 daga arewa in an juya wajen gabas.

A London kuwa tauraron nan yana sama da digiri 51. Saboda haka ne littafin da aka rubuta can zai ce taurari bakwai ɗin nan da malamai ke kira Banatu Na'ash ba su faɗuwa har abada. A can gaskiya ne. A Daura suna fitowa suna faɗuwa kamar sauran, kuma ɗalibin da ya haddace maganar littafin ya haddace abin da idonsa zai ƙaryata. Daɗin daɗawa, mu ne muka fi su rabo. Daga Daura ana iya ganin fiye da kashi 98 cikin 100 na dukan samaniya a tsawon shekara. Tauraron Suhailu, na biyu wajen haske a daren duniya, ba ya ɓullowa a Ingila ko kaɗan, amma a nan yana hawa har digiri 24 a kudu cikin watan Fabrairu bayan isha'i. A watan Mayu kuwa, wajen ƙarfe tara na dare, mutum zai ga Banatu Na'ash in ya dubi arewa, in ya juya kudu ya ga taurari huɗun nan masu siffar gicciye da suke cikin tutar Ostireliya.

3.0 Mene ne Tauraro?

A Hausa duk abin da ya haskaka a sama ban da rana da wata tauraro ne. Masana falaki sun taƙaita kalmar ga abin da yake samar da haskensa da kansa. Tauraro wani ƙaton curin iskar gas ne, galibinsa haidirojin, kamar yadda Cecilia Payne ta nuna a 1925. A can cikinsa matsi da zafi suna haɗe ƙwayoyin haidirojin su zama hiliyom, daga nan haske da zafi suke fitowa. Bisa wannan ma'ana rana ma tauraro ce, kusanci ne kawai ya sa ta fi sauran girma a idonmu.

Bisa wannan ma'ana kuma, Gamzaki da yake fitowa da asuba ba tauraro ba ne. Shi da Zara, wadda ake gani a yamma bayan magariba ana ce mata matar wata, abu guda ne, watau duniyar Zuhura, wadda take kewaya rana kamar tamu, hasken rana take mayarwa. Wasu watanni tana rigan rana fitowa, wasu watanni tana bin bayanta wajen faɗuwa, shi ya sa ta sami suna biyu.

Nisan taurari ya wuce a auna shi da mil ko kilomita, sai da tafiyar haske. Haske yana cin kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Daga rana zuwa nan, kilomita miliyan 150, minti 8 da daƙiƙa 20 yake yi. Daga tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana kuwa sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni. Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi, wanda kuma ya fi kowane haske da dare, tafiyar shekara 8 da rabi ne. Suhailu tafiyar shekara 310. Watau hasken Suhailu da za a gani a Daura bana ya baro shi tun wajen shekara 90 kafin jihadin 1804. Friedrich Bessel ne ya fara auna nisan wani tauraro a 1838.

Launi kuma shaida ce ta zafi. Tauraron da ya yi ja, kamar Ƙalbu, zafin fuskarsa bai wuce digiri 3,500 ba. Na rana kimanin 5,500 ne. Masu fari da ratsin shuɗi sun haura 10,000. Maƙeri ya san wannan tun tuni, domin ƙarfe ja yake fara yi a wuta kafin ya yi fari.

4.0 Siffofin Taurari da Manzilai

Siffar taurari ita ce wasu taurari da ido ya haɗa, aka ba su sunan dabba ko mutum ko kayan aiki. Baɗalimusa ya lissafa 48 a ƙarni na 2 na Miladiyya. Ƙungiyar masana falaki ta duniya ta tsayar da 88 a 1922, aka fitar da iyakokinsu a 1930. Amma fa mu lura, haɗin na ido ne kawai. Alal misali, Dabaran yana zaune kamar shi ne babba a cikin wasu ƙananan taurari da ke kewaye da shi, alhali shi tafiyar shekara 65 ne, su kuwa kimanin 150. Kamar mai tsaye a gona ne ya ga bishiyar kuka da dutse a jere, nan kuwa akwai tafiya mai nisa tsakaninsu.

Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, ita ba haka take ba. Ido yana ganin shida ko bakwai, amma sun fi 1,000, daga gajimaren gas guda aka yi su kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, tare kuma suke tafiya, a nisan tafiyar haske ta wajen shekara 440. A nan sunan Hausa ya dace da abin da bincike ya gano, domin lalle 'yan gida ɗaya ne.

Lissafin da malamanmu suka gāda daga Larabawa ya raba hanyar da rana da wata suke bi zuwa buruji 12 da manzili 28. Dalilin 28 shi ne wata yana kewaya samaniya a kwana 27 da sulusi, kowane dare yana sauka a masauki guda, manzili kuwa masauki ke nan. A lissafin shekara an ba kowane manzili kwana 13, ban da Jabha mai 14, jimla 365. An kuma kasa su bakwai-bakwai:

Damina: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan.
Kaka: Sarfa, Awwa, Simaku, Gafru, Zubana, Iklilu, Ƙalbu.
Ɗari: Shaula, Na'a'imu, Balda, Sa'aduz Zabihi, Sa'adu Bula'a, Sa'adus Su'udi, Sa'adul Ahbiya.
Bazara: Far'ul Muƙaddam, Far'ul Mu'ahhar, Baɗanul Huti, Naɗhu, Buɗainu, Surayya, Dabaran.

Waɗannan sunaye na taurari ne na gaske da za a iya nunawa da yatsa. Iklilu da Ƙalbu da Shaula, alal misali, su ne kai da zuciya da ƙarin burujin Aƙrabu, watau kunama, wadda take bayyana sarai a kudu cikin Yuli, da wutsiyarta a lanƙwashe. Wannan ilmi ya daɗe a ƙasar Hausa. Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara a can wajen ilmin hisabi da na taurari. Mervyn Hiskett kuma ya wallafa nazari a 1967 a kan yadda aka tsara wannan lissafi cikin waƙoƙin Hausa.

Me ya sa lissafin yake aiki? Domin duniya tana kewaya rana, kowane tauraro yana rigan lokacinsa na jiya fitowa da kusan minti 4, watau awa 2 a wata, ya dawo daidai bayan shekara. Surayya tana ɓacewa cikin hasken rana a Mayu, ta sake ɓullowa a gabas da asuba cikin Yuni, daidai lokacin da manomin Daura yake jiran ruwan shukar gero. Haka kuma tauraron da ake cewa ana cikinsa yana kusa da rana ne a sama, don haka ba a tsakiyar dare ake nemansa ba, sai gab da fitowar alfijir.

Akwai gargaɗi biyu da ya wajaba malami ya yi. Na farko, taurari agogo ne, ba su ne ke kawo ruwa ba. Ruwan ƙasar nan yana zuwa ne in iska mai laima daga tekun Atalantika ta ture busasshiyar iskar hamada ta yi arewa. A farin 1973 da na 1984 taurari sun zo a kan lokacinsu, ruwa ne bai wadata ba. Na biyu, duniya tana wani layi a hankali kamar katantanwa in ta kusa faɗuwa, wanda yake cika a kimanin shekara 26,000. Wannan ya sa fitowar taurari take jinkiri da kwana guda a duk shekara 71 in an gwada da yanayin shekara. A shekara 1,000 an sami kwana 14, manzili guda cur ke nan. Saboda haka jadawalin da aka kwafo daga tsohon kundi yana bukatar a gwada shi da samaniya.

5.0 Majarra

In sama ta washe bayan ruwa a Yuli ko Agusta, kuma babu farin wata, ana ganin wani fari-fari kamar hayaƙi ya ratsa sama daga kudu zuwa arewa. Larabawa suna ce masa Majarra, muna kuma ba da shawarar a riƙe wannan kalma a Hausa. Galileo ya duba shi da madubin hangen nesa a 1610, ya ga ashe taurari ne birjik. Yanzu an san cewa wani makeken faifai ne mai taurari fiye da biliyan 100, faɗinsa tafiyar haske ta kimanin shekara 100,000. Muna cikinsa, shi ya sa muke ganinsa ta gefe kamar zare. Tsakiyarsa tana wajen burujin Ƙausu, kusa da wutsiyar kunama, nisan shekara 26,000 daga nan, rana kuwa tana kewaya ta sau ɗaya a kimanin shekara miliyan 230. Duk tauraron da ido yake rarrabewa, wajen 2,500 a dare mai duhu, a cikin wannan majarra yake.

Tamu kuwa ɗaya ce cikin biliyoyi. A 964 Abdurrahman as-Sufi ya ambaci wani ɗan gajimare a littafinsa na siffofin taurari. Sai cikin shekarun 1920 Edwin Hubble ya tabbatar cewa wata majarra ce dabam, wadda ake kira Andiromeda, nisanta tafiyar haske ta shekara miliyan 2 da rabi. A watan Nuwamba bayan isha'i tana hawa fiye da digiri 60 a arewacin samaniyar Daura, ido kuma yana iya kama ta in ƙurar hunturu ba ta sauko ba.

6.0 Kammalawa

Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa fiye da sulusin mutanen duniya ba su iya ganin Majarra daga inda suke zaune saboda hasken lantarki. Ƙauyukan masarautar Daura da yawa suna da duhun da wasu ke nema da kuɗi. Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Na ɗaya, a zana taswirar sama ta wata-wata domin digiri 13, da sunayen Hausa da na manzilai, za ta kuwa yi aiki daga Sakkwato har Katsina da Maraɗi. Na biyu, kowane ɗalibi mai koyon aikin malanta ya zauna da dattawan garinsu ya rubuta sunayen taurarin da suka sani, ya nemi a nuna masa kowanne a sama, ya sa kwanan wata da lokaci. Na uku, a riƙa fita da ɗalibai sau huɗu a shekara, a Fabrairu da Mayu da Agusta da Nuwamba, a daren da babu wata. Wannan aiki ba ya bukatar madubin hangen nesa ko ɗakin gwaji, fili da littafin rubutu sun isa. Muna roƙon malaman da suka halarci wannan taro su gwada shi a makarantunsu, domin a taro mai zuwa mu haɗa abin da aka tattaro daga kowace gunduma mu gwama.