Rano da Kibiya: Wa zai koya wa ɗalibai kiɗa?

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san waƙa ce ke sayar da fim. Amma tambayi ɗan ƙaramar sakandare sunan makaɗin waƙar da yake rerawa, sai ka ga ya yi zuru. Kowa so yake ya zama mawaƙi ko jarumi, ba mai sha'awar riƙe kayan kiɗa.

Tun daga zamanin fim ɗin 'Sangaya' na 1999, fiyanon Yamaha ya mamaye sutudiyoyin Kano, daga baya kwamfuta ta karɓe. Yau yaro ɗaya zai fitar da sautin kalangu da sarewa ba tare da ya taɓa riƙe ko ɗaya ba. Idan tsofaffin makaɗa suka ƙare, wa zai gane in na'urar ta yi kuskure?

Abin mamaki, Rano ba baƙuwar kiɗa ba ce. Tana cikin Hausa Bakwai, kuma a 2024 aka maido da masarautarta mai daraja ta biyu, wadda ta haɗa Rano da Kibiya da Bunkure. A hawan Sallah ana jin algaita da ganguna. Ga manhajar ƙaramar sakandare ta ƙasa ta tanadi darasin al'adu da fasaha, wanda kiɗa ke cikinsa. Sai dai a makarantu da yawa darasin a allo yake ƙarewa: a rubuta sunan kukuma da garaya, a haddace, a ci jarrabawa, shi ke nan!

Ba rashin kaya kaɗai ba ne matsalar. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma ana haɗa shi da roƙo. Uban da bai gaji kiɗa ba da wuya ya yarda ɗansa ya rataya kalangu.

To ina mafita? A fara da abin da iyaye suka saba gani, wato gangunan fareti irin na Ranar Yara, 27 ga Mayu. Ba mai kiran ɗan fareti maroƙi. Daga nan shugaban makaranta ya zauna da ƙungiyar iyaye da malamai, ya nuna musu ba za a taɓa lokacin Islamiyya ba. A gayyato makaɗan gari su riƙa koyarwa sau ɗaya a mako, a ba su ɗan hasafi. 'Yan mata kuma ga shantu da kiɗan ƙwarya, duk ba su da tsada. Ƙarshen zango a shirya gasa tsakanin makarantun Rano da na Kibiya, domin ba abin da ke jan yara kamar gasa.

Furodusoshi ma da nasu. Da za su riƙa fito da sunan makaɗi a fosta kamar na jarumi, da yara sun gane sana'a ce mai ci. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Da sanyin safiya ake kama fara, makarantun Rano da Kibiya su fara tun daga ajin farko.