Makarantar soja ta yara a Yamai: yadda ake nema da yadda ake shiri

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasar Dakoro, na Kornaka, Sabon Mashi, Birnin Lalle, Ajekoriya da Ɗan Gulbi. Muna gaida manoma, muna gaida makiyaya na kwarin Tarka. Yau hirarmu bisa makarantar soja ta yara take. Uwaye da yawa suna jin labarinta, amma sai lokaci ya wuce suke sanin hanyar shigarta.

Wace makaranta ce?

Sunanta da Faransanci Prytanée Militaire de Niamey. Haka za ku ga an rubuta bisa takardun sanarwa. Mutane suna ce mata Piritane. An kafa ta a Yamai cikin shekarar 1996, kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar tsaron ƙasa.

Makarantar kwana ce. Yaro yana shiga bayan ya ƙare aji shida na firamare, wato CM2. Yana yin shekara 7 a ciki. Bayan shekara 4 ya yi jarrabawar BEPC, bayan wasu 3 kuma ya yi ta bakaloriya. Karatun da ake yi a kwaleji da lise, shi ne ake yi a can. Abin da anka ƙara shi ne horon soja: sa kaki, fareti, motsa jiki, kiyaye lokaci da bin umurni. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin makwanci, abinci da tufafin makaranta.

Irin wagga makaranta ta daɗe a ƙasashen Afirka ta yamma. Ta Sanlui a Senegal ta soma a 1923, ta Wagadugu a 1951, ta Zariya a Najeriya kuma a 1954. Kafin mu samu tamu, waje yaran Nijar suke zuwa. Janar Seyni Kunce, wanda ya mulki ƙasa daga 1974 zuwa 1987, ya yi karatu a Kati ta ƙasar Mali da Sanlui. Janar Ali Shaibu da ya gaje shi, shi ma Sanlui ya yi.

Da gasa ake shiga

Ba a sayen wuri, ba a gadon shi. Jarrabawar gasa ake yi, wadda ake kira kwankur. Gasa ta bambanta da jarrabawar wucewa aji. A aji, duk wanda ya samu rabin maki ya wuce. A gasa kuwa wurare kaɗan ne, masu nema suna da yawa, daga jihohi 8 na ƙasa. Na gaba-gaba kaɗai ake ɗauka.

Akwai kuma iyakar shekaru. Yaron da ya girme ta ba a karɓar takardunshi, kome ƙoƙarinshi. Don haka damar ba ta jiran kowa. Sanarwar kowace shekara ita ke faɗin shekarun da ake so, da takardun da za a kai, da ranar rufewa, da wurin jarrabawa. Ku riƙa sauraren Muryar Sahel da rediyon gari. Tun farkon shekarar CM2 ku je ku gaya ma shugaban makaranta niyyarku, don in sanarwa ta fito ya aiko muku.

Shiri na farko: takardar haihuwa

Ga inda yaran ƙauye da na rugga sunka fi faɗuwa, tun ba su riƙa alƙalami ba. A ce wani manomi yana da yaro mai kaifin kai, kullum shi ne na ɗaya a aji. Sanarwa ta fito, saura kwana 15 a rufe. Malam ya ce a kawo takardar haihuwa. Uban ya ce a gida anka haife shi, shekarar da fara ta ci gero. To, ofis ba ya aiki da shekarar fara. Kafin ya nemo shaidu, ya je kotu, ya komo, an rufe. Baɗi kuma wataƙila shekarun yaron sun wuce.

Dokar 2019 ta ba uwaye kwana 60 su bayyana haihuwa. In an bayyana cikin wanga lokaci, a likita ko wurin da anka tanada a ƙauye, meri ce ke ba da takardar. In lokacin ya wuce, sai alƙali ya yi hukunci, shi ne wanda mutane ke ce ma jujuma. Wani lokaci alƙalai suna fita ƙauyuka su yi ma jama'a wanga aiki. In kun ji sun zo, kada ku yi sanya.

Da takardar haihuwa ake neman takardar zama ɗan ƙasa a kotu. Ita ma tana cin kwanaki. Ku neme ta tun yaro yana CM1.

Yanzu da kunka iya karatu, ga aikin da za ku yi da kanku. Ku ɗauko takardar haihuwa, ku ɗauko takardun makaranta, ku aza su kusa da juna. Ku duba sunan yaro, sunan uba, sunan uwa, rana da shekara, baƙi bayan baƙi. In nan an rubuta Mamman, can kuma Mahamadu, a wurin ofis mutum biyu ne. A gyara tun da wuri. Bayan haka ku sa takardun cikin leda, ku aje cikin akwati, nesa da gara da ɗigon ruwa.

Shiri na biyu: karatu

Da Faransanci ake jarrabawar, kuma Faransanci da lissafi su ne ginshiƙinta. Wani zai ce: ni Hausa kaɗai na koya, da mi zan taimaki yaro? Da abu uku.

Na ɗaya, lokaci. Makaranta tana buɗewa a watan Oktoba, lokacin da ake cikin aikin kaka. Yaron da anka riƙe a gona sai an gama ɗaurin damma, ko anka tura kiwo, ko anka tafi da shi cin rani, ya rasa wata ɗaya ko biyu. Abokan gasarshi na Maraɗi da Yamai ba su rasa ko kwana ɗaya ba.

Na biyu, haske. Ku tanadi fitila mai aiki da hasken rana. Bayan sallar isha'i yaro ya zamna awa ɗaya, ya karanta da ƙarfi kuna ji. Ko ba ku gane kalmomin ba, za ku ji inda yake tuntuɓe. Ku ce ya fassara muku da Hausa. Wanda ya iya fassarawa ya gane.

Na uku, lissafin kasuwa. Ku tambaye shi: buhu yana cin tiya 40, mun sayar da tiya 15, saura nawa? Tiya ɗaya dala 100, nawa ne kuɗin tiya 15? Amma ku lura da wani tarko. Mu da dala muke ƙirga, makaranta kuwa da faran. Dala ɗaya faran 5 ce. Dala 100 faran 500 ke nan, jika ɗaya kuma faran 1000. Yaron da bai saba juyawa ba yana iya sanin amsa a kai, ya rubuta kuskure bisa takarda.

Shiri na uku: lafiyar jiki

Wanda ya ci rubutu, sai likitan soja ya duba shi kafin a karɓe shi. Kada ku jira ranar. Ku kai yaro likita tun da sauran watanni, a duba ido, kunne, haƙori da ƙirji. Kunne mai ruwa, ciwon ido da fitsarin jini suna da magani in an soma da wuri. Ku nemo katin rigakafinshi. In yana da ciwon da ya daɗe, kamar emasi, ku faɗa ma likita gaskiya. Ɓoyewa cutar yaron ce, don horon can yana da nauyi.

Shiri na huɗu: zuciya

Daga Dakoro zuwa Yamai ya wuce kilomita 600. Yaro ƙarami zai yi watanni bai ga uwarshi ba. Zai kwana ɗaki ɗaya da Zabarmawa, Barebari, Buzaye, Fulani, Tubawa da Gurmawa, har da yaran wasu ƙasashe. Ku koya mishi wankin tufafinshi, gyaran shimfiɗa, tashi da asuba da ladabin zama da mutane.

Ku yi shawara da uwar yaro, ku tambayi yaron da kanshi. Makarantar tana buɗe hanyar zama hafsa, ta makarantar horon hafsoshi ko wasu makarantun soja. Aikin soja aikin girma ne, amma yana da haɗari. Mun san gidajen da sunka yi ta'aziyyar ƴaƴansu da sunka faɗi a Diffa da Tillaberi. Kada kwaɗayin abinci da kaki kaɗai ya sa ku tura yaron da ranshi ba ya so.

Hattara da ƴan damfara

In wani ya zo ya ce yana da babban mutum a Yamai, ku ba shi kuɗi ko rago ya sa sunan ɗanku, kada ku ba shi. Ku tambayi shugaban makaranta. Duk kuɗin da kunka biya a ofis, ku karɓi rasit, ku karanta abin da anka rubuta.

In yaro bai ci ba, kada a zage shi. Kwalejin Dakoro tana nan, takardunshi sun kammala, karatun da ya yi yana cikin kanshi.

Ga aikin wanga mako. Kowa ya duba gidanshi: yara nawa ke da takardar haihuwa, nawa ba su da ita? Ku rubuta sunayensu cikin littafinku, ku kawo ma malamin aji a zama mai zuwa. Da sanyin safiya ake kama fara.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.