Iskar dariya: balan-balan ɗin da ke kashe ƙafafun matasa a Turai

A Faransa, matasa da yawa na shaƙar "iskar dariya" daga balan-balan. Mayen minti ɗaya ne, ɓarnar kuwa kan ɗauki watanni.

Iskar tana kashe aikin bitamin B12. Sai sinadarin homosistin ya taru a jini, ya haura mikromol 15 a lita, rigar da ke lulluɓe jijiyoyi kuma ta lalace, tamkar wayar lantarki da aka ɓare. Saƙo ya daina isa da sauri: yatsu su yi tsira-tsira, ƙafa ta mutu, tafiya ta gagara.

Abin tsoron, gwajin B12 kan fito lafiya lau. Shi ya sa likitoci ke auna homosistin. Faransa ta hana sayar wa yara iskar tun 2021.