Zaɓen Kiɗan da Ake Gwada Bes na Iyafis da Shi

Bes shi ne ɓangaren sauti mai kauri, wanda ke kwance a ƙarƙashin kiɗa yana ɗauke da shi: rugugin babbar ganga, amon tambari, dukan ƙwarya da dunƙulen hannu, da kaurin muryar dattijo. Sauti girgizar iska ne, ana kuwa auna yawan girgizarsa a daƙiƙa ɗaya da ma'aunin da ake kira Hertz. Lafiyayyen kunnen matashi yana ji daga kimanin Hertz 20 zuwa 20,000. Bes ya ƙunshi daga 20 zuwa wajen 250. Masana sauti sukan raba shi biyu: na can ƙasa, daga 20 zuwa 60, wanda ya fi kama da girgiza; da na sama, daga 60 zuwa 250, inda ƙarfin dukan ganga da cikar muryar namiji suke.

Wannan ɓangare ne ya fi ba iyafis da hedifon wahala. A filin wasa ko gidan biki, ƙirji da ciki da ƙafafu duk suna taya kunne jin bes. Iyafis kuwa ɗan faifai ne siriri, sau da yawa faɗinsa bai wuce santimita ɗaya ba, kuma iskar da ke cikin ramin kunne kaɗai yake girgizawa. Shi ya sa wasu kamfanoni ke ƙara wa bes na sama ƙarfi fiye da kima, domin mai saye ya ji bugu tun daga daƙiƙar farko ya ciro kuɗinsa. A shagunan kayan waya na babbar kasuwar Birnin Kebbi da na Argungu, tambayar da aka fi yi ita ce, "Yana da bes?" Mai shago sai ya kunna waƙa ɗaya mai dukan kai, ciniki ya faɗa. Waƙa ɗaya ba ta isa shaida ba. Bes mai kyau yana da siffofi huɗu, kowace siffa kuwa da irin kiɗan da ke tona ta.

Siffa ta farko: zurfi

Zurfi shi ne iyakar inda iyafis zai iya sauka kafin sautin ya ɓace. Kayan kiɗan gargajiya kaɗan ne ke kaiwa can ƙasa, don haka a nan kiɗan zamani da aka haɗa da kwamfuta ya fi amfani. Amapiano na Afirka ta Kudu, wanda mawaƙan Nijeriya suka rungume shi, yana da wani dukan ganga na na'ura mai zamewa ƙasa. Waƙoƙin hip-hop da yawa sun dogara ga doguwar rugugi irin ta na'urar Roland TR-808, wadda ta fito a 1980. Reggae ma ya dace, domin jitar bes ce ke jan ragamarsa, kuma tsirkiyarta mafi kauri tana sauka zuwa kimanin Hertz 41. Abin lura shi ne lokacin da amon ya gangara: iyafis nagari yana biye da shi da ƙarfi iri ɗaya har ƙarshe, marar kyau kuwa yana yin ƙarfi a sama, ya yi shiru a ƙasa, ko ya fara kakkarwa kamar wani abu ya kwance a ciki.

Siffa ta biyu: kaifin duka

Duka mai kyau yana zuwa da sauri, ya tafi da sauri. Idan iyafis ya riƙe amon fiye da yadda makaɗi ya buga shi, duka na biyu zai tarar da na farko bai gama ba, sai kiɗan ya cakuɗe. Kiɗan ƙwarya irin na Barmani Choge, da na Zabarmawa masu rakiyar goge da ƙwarya, ya dace da wannan gwaji, domin a cikinsa akwai amo mai kauri da ƙarar sanda ko yatsu mai kaifi suna bin juna ba tazara. Haka nan kiɗan dambe da na kokawa, inda makaɗa da yawa ke duka cikin gaggawa. Daga waje kuma akwai gangunan Tony Allen a waƙoƙin Fela Kuti. Idan ana iya ƙirga kowane duka, a kuma ji ɗan shirun da ke tsakani, iyafis ɗin ya ci wannan jarrabawa.

Siffa ta uku: bambance amo

Bes ba bugu kaɗai ba ne, yana da hawa da sauka. Babu abin kiɗan da ya kai kalangu nuna haka. Makaɗi yana matse tsarkiyoyinsa a hammata, fatar ta ɗaure, amon ya tashi; ya sassauta, amon ya sauka. Da wannan ne kalangu ke kwaikwayon karin harshen Hausa, har mai saurare ya gane kirari ko take ba tare da an furta kalma ba. Waƙoƙin Mamman Shata da na Ɗan Anace cike suke da shi. Bahaushe yana da ma'aunin da baƙo ba shi da shi: idan ya kasa gane abin da kalangu ke faɗa a waƙar da ya daɗe da sani, to iyafis ɗin yana dunƙule amo daban-daban ya mayar da su ɗaya. Wannan aibi ya yawaita a kayan da ake tallarsu da ƙarfin bes.

Siffa ta huɗu: barin murya ta fito

Muryar namiji tana farawa daga kimanin Hertz 85 zuwa 180, wato tana zaune a gida ɗaya da bes na sama. Idan aka cika wa wannan wuri ƙarfi, muryar sai ta toshe, kalmomi su dushe. Waƙoƙin fada sun fi komai tona wannan, domin a cikinsu akwai jagora, ga 'yan amshi, ga kotso ko taushi ana dukansu da hannu. Ibrahim Narambaɗa, Musa Ɗanƙwairo, Sa'idu Faru da Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri duk sun dace. Waƙar fada magana ce kafin ta zama kiɗa. Iyafis ɗin da ya ɓoye zambo da habaici don ya fito da ganga ya ɓata aikin mawaƙin. A ɓangaren zamani, waƙoƙin Aminu Ala, Nura M. Inuwa ko Hamisu Breaker suna gwada abu guda: ko murya za ta tsaya sarai a kan bes ɗin fiyano. Karatun Alƙur'ani, wa'azi da labaran rediyo ma ya kamata su shiga gwajin, tunda mutane da yawa sun fi sauraren su da iyafis fiye da waƙa.

Amfanin kiɗan da kunne ya sani

Babbar ƙa'ida ita ce a yi gwaji da abin da aka taɓa ji a zahiri, domin ba a gane jabu sai an san na ainihi. A nan mutanen Kabi suna da rabo babba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, taron makaɗa ne kamar yadda yake taron masunta. A Matan Fada, inda ake kamun kifin, makaɗa na cikin kwale-kwale suna duka yayin da dubban masunta ke faɗawa ruwa da homa da gora, ga kuma kiɗan kokawa da dambe a fili. Wanda ya tsaya a wannan gaɓa, ko ya ji tambari a ƙofar fadar Gwandu ko ta Argungu ranar hawan Sallah, ya san nauyin fatar ganga da yadda amonta ke mutuwa a sarari. Da wannan sani zai gane bes ɗin da ya yi kama da ganga da wanda ya yi kama da bugun jarka.

Sai dai akwai iyaka. Yawancin waƙoƙin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo an ɗauke su ne a zamanin garmaho, tef da kaset, aka yi ta kwafa daga wannan zuwa wancan, bes na can ƙasa kuwa bai shiga ciki sosai ba tun farko. Haka bidiyon biki da aka ɗauka da waya: ƙaramin makirufo yakan yanke sauti mai kauri, ko ya fashe idan ganga ta matso. Irin waɗannan suna auna murya da bambance amo, ba sa auna zurfi. Ba a ɗora wa iyafis laifin abin da babu shi a faifan. Dole a haɗa tsohon kiɗa da sabon ɗauka na situdiyo.

Ingancin fayil

Waƙar da aka tura daga waya zuwa waya, ko aka loda a memori wurin masu turi, takan zo a matse. MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa bai kai mai 256 ko 320 tsabta ba. Matsewar ta fi cin sauti mai kaifi, amma tana rage kaifin duka, wanda shi ne ke ba ganga siffarta. Mafi muni shi ne fayil ɗin da aka sake ƙara wa bes, ko wanda aka naɗa daga lasifika. A nemi kwafi mai tsabta na waƙoƙi biyar ko shida, a ajiye su a wayar mai saye, a riƙa amfani da su kaɗai a kowane gwaji.

Yadda ake gwajin

Da farko a kashe duk wani tsarin ƙara bes da ke cikin waya. Sannan a tabbatar robar iyafis ta toshe kunne daidai, domin ƙaramar kafa tana zubar da mafi yawan bes. Shi ya sa ake sako roba ƙarama, matsakaiciya da babba a kwali. Zufa da ƙurar hunturu suna sa roba ta zame ko ragar bakin iyafis ta toshe, don haka a goge su. A nemi wuri marar hayaniya, domin rurin janareta, babura da manyan motoci shi kansa sauti ne mai kauri, yana rufe bes ɗin da ake son ji.

Idan ana kwatanta guda biyu, a daidaita ƙararsu. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna a Amurka cewa kunne ba ya jin sauti mai kauri sosai idan ƙara ta yi ƙasa, yana ƙara jin sa idan ta ƙaru. Saboda haka wanda ya fi ƙara zai zama kamar ya fi bes ko da bai fi ba. A zaɓi guntun waƙa na daƙiƙa 20 ko 30, a maimaita shi a kowanne, domin kunne ba ya daɗewa riƙe da siffar sauti. A kuma saurari kowane kunne daban, a ga ko ƙarfinsu ɗaya ne.

Lafiyar kunne ita ce sharaɗi na ƙarshe, kuma ta fi sauran muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraren sauti mai ƙara, ta kuma ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Iyafis mai toshe kunne da kyau, mai fitar da bes cikakke a matsakaiciyar ƙara, yana hana mai shi ƙure sauti don neman bugu. Wanda sai an ƙure shi bes ɗinsa ke fitowa bai cancanci saye ba, komai arharsa.