Ziyarar Hubbaren Shehu Da Ladan Yi Wa Baƙi Hidima

Mutumin Bagega da ya ɗaura niyyar ziyartar Hubbaren Shehu sai ya fara fitowa Anka, daga nan ya nemi motar Sakkwato, ko ta Talata Mafara ko ta Gummi. Ba ciniki ke kai shi ba, ba kuwa wata shari'a ba. Lada yake nema. Dangantakar ƙasar Zamfara da mai wannan kabari kuwa daɗaɗɗiya ce, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi a Zamfara tun kafin jihadin 1804. Ya koma Sakkwato daga Sifawa a 1815, ya rasu a 1817, aka yi masa makwanci a gidansa. A nan ne kuma aka rufe Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a 2006, da Ibrahim Dasuki a 2016.

Abin da bai kamata ya shige wa ɗalibin tarihi duhu ba shi ne, tun farko ziyarar tana tafe da aiki. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864 aka binne ta kusa da mahaifinta, ita ce ta kafa tsarin 'yan taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Idan rani ya yi, an gama aikin gona, sai jaji ta jawo ayarin tsofaffin mata da 'yan mata, a ƙasa, ɗauke da sadakar hatsi da zuma da tufafi. Su ba da abin da suka kawo don a raba wa mabukata, su kuwa su koma gida da karatu cikin waƙoƙi, su koyar da matan aure waɗanda ba su da halin fita. A garuruwansu kuma su ne masu share masallaci, da jinyar marasa lafiya, da wankan gawar mata. Bayan rasuwar Asma'u ƙanwarta Maryam ta riƙe aikin. Ma'aikatan ilmin manya na wannan zamani, da motocinsu da kasafin kuɗinsu, da wuya su nuna tsarin da ya kai wannan ƙarko.

Irin wannan haɗa tafiya da hidima ba a ƙasar Hausa kaɗai ake samunsa ba, ko da yake aƙida ta sha bamban ƙwarai. A ƙasar Indiya mabiya addinin Hindu sun yi imani cewa wanka a kogin Ganga yana kankare zunubi, ciyar da matafiya da share wuraren ibada kuma, abin da suke kira seva, yana ƙara lada. Babban taronsu, watau Kumbh Mela, yana zagayawa tsakanin garuruwa huɗu: Prayagraj, Haridwar, Ujjain da Nashik. Wanda aka yi a Prayagraj, mahaɗar Ganga da Yamuna, daga 13 ga Janairu zuwa 26 ga Fabrairun 2025, gwamnatin Jihar Uttar Pradesh ta ce ya tara mutum fiye da miliyan 660. Ran 29 ga Janairu turmutsitsi ya hallaka aƙalla mutum 30, bisa ƙidayar hukuma.

A nan gida kuwa malamai ba su taɓa zama baki ɗaya a kan ziyara ba. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, malamanta suke gargaɗi cewa shafar kabari da roƙon mamaci bidi'a ce mai kai wa ga shirka, kuma masallatai uku kaɗai aka yarda a yi musu tafiyar ibada. Malaman Ƙadiriyya da Tijjaniyya suna amsawa cewa ziyarar kabari sunna ce, tana tuna wa bawa lahira, neman albarkar salihai kuma ba bauta musu ba ne. Amma ba a ji ɓangaren da ya musa ladan shayar da baƙo ko ciyar da shi ba.

Sai dai mutanen yammacin Zamfara suna da wata damuwar da ta riga wannan muhawara zuwa ƙofar gida. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna tare hanyoyin Anka da Bukkuyum suna sace matafiya don neman fansa, har ya zamana fita daga Bagega zuwa Anka ma sai an yi shawara da iyali, balle tafiya Sakkwato.